Daga Bakin Allo: Tsohon birni yana nan kusa, a ɗauki yara da kyamara

Ga shi dai babban hutun makaranta ya ƙarato, yara sun fara ƙidayar kwanaki, iyaye kuma sun fara tunanin yadda za su yi da su har wata biyu a cikin tsakar gida guda. Shi ya sa a wannan wata na ga ya dace mu ajiye zancen jarrabawa da kuɗin littattafai, mu taɓa batun yawon buɗe ido da ɗaukar hoto, musamman ga masu ƙaramin ƙarfi irinmu.

Na san da jin haka wani zai ce, "Haba Malam, yawon buɗe ido ai na Turawa ne da masu hannu da shuni." Ban ga laifinsa ba, domin abin da muke gani kullum a waya shi ne wane ya tsaya gaban hasumiyar Eiffel a Paris, wance ta jingina da wani tsohon gini a Roma. To, bari mu yi lissafi irin na aji. Tun daga watan Yuni na 2024 kuɗin neman bizar Schengen ga babban mutum ya koma yuro 90. Yuro guda kuwa sefa 655 ne da ɗoriya, ke nan jika 59 za ka ajiye tun ba a zo maganar tikitin jirgi da masauki ba. Idan kuma aka hana ka bizar, ko dala ba a mayar maka. Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Alhali kuwa da abin da bai kai wannan kuɗi ba, magidanci zai kwashi iyalinsa ya kai su wani tsohon birni wanda Turawan da kansu suke biyan kuɗin jirgi su zo gani, ya ciyar da su, ya dawo da su gida kafin magariba. Grand-Bassam nake nufi, wanda yake kimanin kilomita 40 gabas da Abijan. A 2012 Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin a jerin wuraren tarihi na duniya, jerin da tsakiyar birnin Roma da bakin kogin Seine na Paris suke ciki, wanda kuma Agadas tamu ta shiga a 2013. Da yawa daga cikinmu sun shekara 20 ko 30 suna wucewa ta gaban tashar Bassam a Treichville, amma ba su taɓa shiga motar ba sai in fatauci ya kai su. Wasu matasan kuma bakin teku kawai suka sani, sun sha wuce tarihi ta tagar mota.

Kafin a tafi ya kamata uba ya san abin da zai gaya wa yaransa, don kada a je a yi kallon bango kawai. A ranar 10 ga Maris 1893 Faransa ta ayyana Kodebuwa a matsayin ƙasar da take mulka, ta naɗa Binger gwamna na farko, Bassam kuma ta zama hedkwata. Ba ta daɗe a kan wannan matsayi ba, saboda a 1899 annobar zazzaɓin shawara ta yi wa Turawan garin mummunar ɓarna, sai a 1900 suka tattara suka koma kan tudu, wani ƙauyen Ebrié da ake kira Adjamé-Santey, suka sa masa suna Bingerville. Daga can aka dawo Abijan a 1934, sannan Yamoussoukro a 1983. Duk da tashin gwamna, Bassam ta ci gaba da zama ƙofar ciniki, domin ta nan ake lodin katako da manja da koko. Abin da ya karya ta shi ne mashigin ruwa na Vridi da aka buɗe a 1950, da tashar jiragen ruwa ta Abijan da ta fara aiki a 1951. Manyan kamfanoni suka kwashe, aka bar gidaje ga iskar teku da itatuwa. Wannan koma baya shi ne ya ceci tsoffin gine-ginen, don da gari ya ci gaba da bunƙasa da tuni an rushe su an yi benaye.

Tsohuwar unguwar, wadda ake kira Quartier France, tana kan wani siririn tsiri ne tsakanin teku da tafkin Ouladine, kuma da ƙafa ake zagaya ta, ba a bukatar tasi. A fara da gidan gwamna na 1893, wanda tun 1981 ya zama gidan tarihin tufafi. A nan ne kawai za a biya ɗan kuɗin shiga, kuma ya cancanta, don yaro zai ga kayan sarauta da saƙa na ƙabilun ƙasar da yake zaune a cikinta. A lura da faɗin barandar da ta kewaye gidan da tsawon rufinsa, a tambayi yara dalili. Amsar ita ce iska da inuwa, a zamanin da babu fanka balle na'urar sanyi. Daga nan sai tsohuwar kotu ta 1911, sai unguwar 'yan kasuwa inda gidan Ganamet na 1920 yake, sai ƙauyen N'zima, masu bikin Abissa da ake yi a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Akwai kuma dutsen tunawa da Treich-Laplène, Bafaranshen da ya mutu a Bassam a 1890. Yaron Treichville ya kamata ya tsaya a nan, domin sunan wannan mutum aka ɗora wa unguwarsu a 1934, a da Anoumabo ake ce mata. A ɗaya gefen tafkin za a ga hasumiyar fitilar da take yi wa jiragen ruwa jagora, wadda aka kashe a 1951 da cinikin ya koma Abijan.

Amma inda nake so a fi daɗewa shi ne kan gadar ƙarfe ta 1928 da ake bi a shiga unguwar, wadda ake kira Pont de la Victoire, wato gadar nasara. A watan Fabrairu na 1949, bayan wani rikicin siyasa a Treichville, Turawan mulki suka kama shugabannin PDCI su 8 suka tsare su a kurkukun Bassam. A cikinsu akwai marubuci Bernard Dadié, wanda babban gidan al'adu na Treichville ke ɗauke da sunansa, da Mathieu Ekra, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta taken ƙasa da yaranmu ke rerawa a makaranta. A watan Disamba fursunonin suka shiga yajin cin abinci, sai mata suka tashi daga Abijan suka nufi Bassam, da yawansu a ƙafa saboda an hana motoci ɗaukarsu. A ranar 24 ga Disamba 1949 aka tare su a wannan gada da feshin ruwa da duka. Cikin jagororinsu akwai Marie Koré, wadda mijinta yana cikin waɗanda aka tsare. Ba a saki mazajen a ranar ba, amma gadar ta samu sunan da take amsawa har yau. Duk mai 'ya mace ya tsayar da ita a nan ya ɗauke ta hoto, ya gaya mata cewa hanyar da ta zo a mota cikin awa guda wasu iyaye mata sun taka ta da ƙafa.

Yanzu ga batun aljihu, daidai ruwa daidai tsaki. A tashi bayan sallar asuba, a tsakiyar mako in da hali, domin Asabar da Lahadi 'yan bakin teku suna cika motoci, dawowa da yamma kuma ta zama wahala. Mutanen Adjamé su fara sauka Treichville, daga nan mota guda ce. A tambayi kuɗin mota tun kwana guda kafin tafiya, a ware na dawowa a aljihu dabam, kada a taɓa shi ko yara sun yi kukan tsaraba. Abinci a yi shi a gida. Dambu ko shinkafa da wake a kwano, da ruwa a gora, sun fi ƙarfin farashin gidajen abinci na bakin teku, waɗanda don baƙi aka yi su. A riƙe tabarmar salla, manya kuma kowa ya riƙe katin shaidarsa. Idan gidaje 3 ko 4 suka haɗa kai suka yi ɗan adashi na wata guda, za su iya ɗaukar shatar mota, abin ya zo wa kowa da sauƙi. Ga wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa, gbaka daga Adjamé tana kai mutum Bingerville, inda tsohon gidan gwamna ya zama gidan marayu, ga kuma lambun itatuwa mai inuwa. Ko jirgin ruwan SOTRA daga Treichville zuwa Plateau yawo ne ga yaron da bai taɓa ganin garinsu daga kan ruwa ba.

Gargaɗi biyu, kuma ba da wasa nake ba. Na farko teku. Igiyar ruwan Bassam tana ja da ƙarfi, tana cin mutane, har waɗanda suke ganin sun iya ruwa. Yaro ya jiƙa ƙafa hannunsa yana cikin na babba, shi ke nan. Na biyu, tun harin 13 ga Maris 2016 wanda ya ci rayuka 19 a bakin tekun nan, jami'an tsaro ba sa wasa da mai ɗaga kyamara. Kada a ɗauki soja ko ɗan sanda ko shingensu. Haka kuma kada a bar yara su hau benayen da suka tsage don neman hoto mai kyau, rigakafi ya fi magani.

Sai kuma hoton kansa. Waɗanda suka yi zamanin fim mai ɗaukar hoto 36 sun san tattali, sai an gyara tsayuwa an duba rana kafin a danna. Yau waya tana ɗaukar 300 a yini, a dawo gida a rasa guda 10 na kirki. Ga abin da zai taimaka. A goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, domin iskar teku tana shafa masa gishiri hoto ya fito dishi-dishi. Hasken safe kafin ƙarfe 10 da na bayan la'asar su ne masu kyau, na tsakar rana yana zuba baƙar inuwa a idon mutum. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka ko a gefensa. Lumshin watan Agusta da mutane ke ƙi, shi ne ya fi dacewa da fuskar baƙar fata da farin bango a hoto guda. Maimakon jawo hoto da yatsa, a taka a matsa kusa. Kowane gini a ɗauke shi sau 3: gaba ɗayansa daga nesa, sai wani abu nasa na kusa kamar taga ko matakala ko rubutun shekara, sai mutanenka a tsaye a ƙofarsa don a ga girmansa. Mutanen gari kuma ba kayan kallo ba ne, a yi sallama a nemi izini, wanda ya ƙi a ba shi haƙuri a wuce. A gidan tarihi ma a tambaya kafin a ɗauka.

To, jama'a, duk wannan shimfiɗa ce, ga inda na dosa. Wanda ya zaga Bassam da idon basira zai lura cewa kusan kowane gini yana da suna da shekara. An san wanda ya gina, an san wanda ya saya, saboda wani ya rubuta, wani kuma ya ɗauki hoto ya ajiye. Sai mutum ya tambayi kansa, mu fa? Wannan Binger da aka sa wa gari sunansa, lokacin da ya shiga Kong a 1888, shekara 5 kafin a kafa ƙasar, ya tarar da unguwar Hausawa marina da karofinsu, ya kuma rubuta haka a labarin tafiyarsa. A Bondoukou akwai tsohuwar unguwar Hausawa da ake kira Malagaso, wadda fataucin goro ya kafa. Ke nan ba jiya muka zo ba. Amma idan aka ce wa ɗanka a makaranta ya kawo hoton kakansa ya faɗi garinsu da shekarar da ya sauka Abijan, gidaje nawa ne za su iya? Muna da labari a baki, kuma baki yana tafiya kabari tare da mai shi.

Ku dubi garba, wato acheke da soyayyen kifi, abincin da ɗalibi da lebura da ma'aikacin ofis suke layi a kansa a kowace unguwa. Sanannen abu ne cewa daga sunan 'yan uwanmu 'yan Nijar masu sayar da shi ya samo suna. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa sana'ar yin acheke cikin al'adun duniya da ake tattali. To, wa ke da hoton waɗancan Garba na farko a gaban teburinsu, da cikakken sunansu da na garinsu? Mun sa wa abincin ƙasa suna, amma ba mu ajiye fuskar masu sunan ba.

Abin da ya sa muke iya ganin Treichville ta shekarun 1950 a yau, da leburorin tashar jirgin ruwa da ɗakunan hayarsu, shi ne wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya bi wasu samarin Nijar 'yan ci-rani da kyamara ya yi fim ɗin Moi, un noir na 1958. Babban ɗan wasan, Oumarou Ganda, daga baya shi ma ya riƙi kyamara, har ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Allah ya sa wani ya ɗauka, amma idon baƙo abin da ya ba shi sha'awa yake ɗauka. A Korhogo kuma, Augustt Azaglo ya shekara da shekaru yana bin ƙauyuka a kan keke yana ɗaukar hoton katin shaida, ya adana dubban fim, yau su ne madubin mutanen arewa na wancan zamani. Akwai kuma darasi a aikin Seydou Keïta na Bamako. Hotunansa suna rataye a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka, amma mafi yawan mutanen da ke ciki ba a san sunansu ba, domin ba a rubuta ba. Kyawawan iyaye da kakannin wasu ne, sun zama "wata mata" da "wani mutum".

Kuma gari ba ya jiran kowa. Wanda bai ɗauki tsohuwar kasuwar Treichville ba kafin gobarar 1997, ya makara har abada. A 2024 mun ga yadda aka rushe unguwar mayanka ta Port-Bouët, da Boribana, da wani sashe na ƙauyen Adjamé. Ba shari'ar wannan nake yi a nan ba. Abin da nake cewa shi ne lungun da aka haife ka, da rumfar da tsohonka ya shekara 40 yana sayar da goro ko yadi, da zauren da aka yi maka saukar Alƙur'ani, ba su cikin jerin UNESCO, babu mai zuwa daga Paris ya ɗauke su. In ba mu ɗauka ba, babu su.

Saboda haka, da yake malami ba ya sallamar aji ba tare da aikin gida ba, ga naku na wannan hutu. Bayan an dawo daga Bassam hannu ya faɗa, a ba yaro mai wayo waya ya yi kwana guda yana yawon buɗe ido a unguwarsu. Ya ɗauki ƙofar gida da lambar layi, da makarantar allo, da mahauci a bakin tukubarsa, da wanzami, da mai shayi, kowa da izininsa. Ya zauna gaban mafi tsufa a gidan ya tambaye shi, "Baba, daga wane gari kuka taso, a wace shekara, ta wace hanya, wa ya sauke ku?" Idan dattijo ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, a girmama shi, a rubuta amsarsa a littafi, a ɗauki shagonsa ko allonsa ko tsohuwar takardar tafiyarsa in ya yarda.

Sannan a zaɓi guda 10 a kai shagon hoto a wanke. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a cunkoson Adjamé, kuma hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp yana raguwa, sai in an tura shi a matsayin takarda. A bayan kowane hoto a rubuta da fensir, ban da bik don tawadarsa tana huda takarda: sunan mutum da na mahaifinsa, garin asali, wurin da aka ɗauka, rana da shekara. Laimar Abijan tana sa hoto fumfuna, don haka a sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a ajiye a sama nesa da bango da ƙasa. A wanke na biyu a aika wa dangi a Maraɗi ko Tawa ko Kano ko Katsina, don in na nan ya salwanta na can yana nan. Tsoffin hotunan da ke ƙarƙashin katifa su ma a fito da su tun masu gane fuskokin suna raye.

Wanda Allah ya hore wa, bayan Bassam sai ya yi niyyar Bondoukou, tafiyar fiye da kilomita 400, ya nemi Malagaso ya gaida dattawanta. Ko ya kai har Kong, garin da Samori ya rushe a 1897, wanda masallatansa biyu na ƙasa suke cikin masallatai 8 na arewacin ƙasar nan da UNESCO ta karɓa a 2021. Mai zuwa Paris da Roma kuma Allah ya kai shi lafiya, tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai idan Bature ya nuna masa gidan da kakansa ya gina ya tambaye shi nasa labarin, ya zamana yana da abin nunawa.

Duk wanda ya yi wannan aikin gida, ya aiko wa wannan jarida da hoto guda da bayaninsa, tare da yardar masu hoton, mu ga ko edita zai ba mu ɗan gefen shafi. Allah ya ba yaranmu hutu mai albarka, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.